Baffa Mai Buɗe Taga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa kuma ya riga mu tafiya. Ya rasu a gidanmu na Argungu ana tsakiyar yankan shinkafa, bayan ɗan ciwon ƙirji da bai daɗe da kwantar da shi ba. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Ya koyar da ilimin haɗa sinadarai a jami'a har ya yi ritaya ya dawo gida. Ni karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fi saƙon waya tsawo ba. Amma tun ba a naɗe tabarmin makoki ba na ji an fara jingina masa maganar da bai yi ba, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona.

Mutane sun zo iri-iri. Manoman albasa sun zo daga Augie. Masunta daga Gulma sun ce ba su taɓa ganin mai sayen kifi irinsa ba, sai ya matsa cikin kifin tukuna, in babu ƙwai ya ajiye. Wani ɗan kudu mai sayar da janareta a Birnin Kebbi ya roƙi a bar shi ya gai da mata, ya tsaya a bakin zaure da hularsa a hannu, Hausarsa tas kamar ta ɗan gari. Ya ce Baffa ya hana shi sakat shekara da shekaru. Sai ya zo shagonsa ya tsaya yana faɗa wa duk mai saye kada ya kunna inji a ɗaki, ko a lungu, ko gindin taga. Ya ce ya taɓa korarsa, washegari sai ga shi ya dawo da kujerarsa. Yanzu kuma, in ji shi, da bakinsa yake faɗa wa masu saye, in ya manta sai ya ji kamar an tsaya a bayansa.

A cikin gida wata tsohuwa ta share hawaye ta ce Allah ya jiƙan mai buɗe taga, bana dai ma ji ɗumi. Aka yi dariya ana kuka.

Ranar sadakar uku ɗalibansa suka zo. Ɗaya daga cikinsu mace ce, ita ma yanzu malama, sai ta shigo ta zauna tare da mu. Cikin yabonsa ta ce ko mun san aikin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai? Iskar nan da ke fita daga garwashi, wadda yake ta tsoratar da mu da ita, ita yake neman mayarwa maganin kumburi.

Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce ta maimaita. Ta maimaita. Gwaggo ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, kun dai ji da kunnenku. Ashe magani na."

Malamar ta ɗaga hannu za ta yi bayani, sai ga wasu 'yan gaisuwa sun yi sallama, aka shiga ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, maganar ta bi ruwa. Ina zaune da tsohon ciki, 'yata a kan cinyata. Na san sanyi na tafe, na san wa za ta zo yi mini wankan jego, kuma wanda yake tare mata hanya yana kwance a maƙabarta.

Baffa bai taɓa shiga ɗaki bai fara duban taga ba. Ana cikin gaisawa hannunsa na kan sakata. Iskar tana da sunanta na boko, kabon monoksaid, amma a gidanmu iskar Baffa muke ce mata. Ya ce ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta zauna a gurbin numfashi, mutum ya ji ciwon kai, ya ji barci, ya kwanta, shi ke nan. Abin da ya fi yawan faɗi shi ne, "Hayaƙi mai gaskiya na, shina sallama kahin shi shigo. Waccan ba ta sallama." Mu kuwa akasin haka muka tashi muka gani. Ana hura gawayi a tsakar gida, a jira hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jajir, sannan a ce ya gyaru, a kai ɗaki. Baffa ya ce lokacin da muke cewa ya gyaru, lokacin ne ba abin da zai gargaɗe mu.

Ni uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Shayinsa ba sukari. Ba ya faɗa da ƙarfi. In ransa ya ɓaci sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga, har mai laifin ya gaji ya ba da haƙuri.

Sau ɗaya na ga ya yi abu da gaggawa, a jegona na fari. An kai ni gida Argungu haihuwa, cikin sanyi, shi kuma ya yi tafiya wajen ɗalibansa. Gwaggo ce ke wanke duk maijegon danginmu, kuma hannunta sananne ne. Ruwanta da zafi, kununta da kanwa daidai, ba ta barin maijego ta ɗaga ko tsintsiya. Bayan wanka sai ta sa kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, ta toshe taga da tsumma, ta saki labule, ta ja ƙofa, don kada sanyi ya shiga jikin da bai ƙulle ba. Kaina ya yi ta sara kamar ana daka a ciki, zuciyata na tashi. Gwaggo ta ce jego ne, a ƙara mini kunu. Jaririyar ba ta tashi neman nono, sai an girgiza ta. Gwaggo ta ce Allah ya ba ni ɗiya mai haƙuri.

Bayan la'asar Baffa ya dawo. Daga tsakar gida ya ce ya uwata da baƙuwa. Na amsa, ban san yadda muryata ta fita ba. Uba ba ya shiga ɗakin maijego, kowa ya sani, kuma ga dangin mijina mata zaune a rumfa sun zo barka. Sai kawai na ga haske, labule ya yaye. Ya durƙusa ya jawo kaskon, ya naɗe hannu da bakin babbar rigarsa, ya fita da shi. Ya dawo ya bangaje taga. Ya ce wa Inna, mahaifiyata, a fito da mu gindin darbejiya, ya aika a kira mota. A asibiti aka sa mana abin numfashi ni da jaririyar, sai da yamma ta yi sosai na ji kukanta na gaske, irin mai tsaga kunne. Rigar ta ƙone a gefe guda. Bai yar da ita ba, ya sa tela ya yi wa wurin faci da wani yadi da bai yi kala da ita ba, ya ci gaba da zuwa masallaci da ita.

Gwaggo ta yi fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce ya tozarta ta gaban surukai, boko ya cire masa kunya, ta wanke matan da 'ya'yansu suka haifi 'ya'ya ba wadda ta kumbura. Shi dai yana goge tabarau. Da ta gama ya ce, "Ki wanke ta, ki ba ta kunu, ki yi mata duk abin da kinka gada. Wuta dai waje." Har aka yi suna ba ta amsa gaisuwarsa. Kowace safiya sai ya aika mata da goro, ta mayar. Ana nan sai ya lura goron na dawowa da ragi. Ya ƙara yawansa. Haka suka shirya.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta faɗa mini wani abu tana yi mini kitso, da murya ƙasa-ƙasa. Baffa ya taɓa yin wata mata tun ba a haife ni ba. Ta haihu cikin sanyi, shi yana can makaranta. Da safe aka buɗe ƙofa aka tarar da ita da jaririn sun cika, kwance lafiya kamar masu barci. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, ba mai wuce ajalinsa. Gwaggo tana budurwa a lokacin, ita manya suka sa ta hura gawayin ta kai ɗaki. Sai daga baya, a cikin aji, Baffa ya ji malami yana bayanin iskar, ya gane abin da ya faru a gidansu. Inna ta ce bai taɓa furta wa ƙanwarsa ba, ko a cikin faɗa. Ta ja mini gashi ta ce in na kuskura maganar ta fita daga bakina, ba ta yafe ba.

Da 'yata ta fara rarrafe, hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, 'yan yatsun suka yi suntum, ko zane ya taɓa sai ta ƙwalla ƙara. Aka yi gwaji aka ce sikila ce. Tun daga ranar ban ƙara zama da kwanciyar hankali ba. Ina tuƙa tuwo ina leƙen idonta, ina wanki ina taɓa yatsunta. Maƙwabtana a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, inda nake aure, suna cewa fargabata ta yi yawa, ni ma na sani. Kuma likita ya ce sanyi yana tayar da ciwon. Wannan ne ya sa ban iya ganin laifin Gwaggo gaba ɗaya. In ta ce ɗumi, gaskiya take faɗi, yarinyar tana bukatar ɗumi.

Baffa ya riƙa hawa motar haya daga Argungu zuwa Birnin Kebbi don ya ga amaryarsa, haka yake kiran 'yar tawa. Sai ya ce ta yi masa yaji ta tare a birni, ya zo biko. Ita kuma ta cire masa hula ta ce tsoho ne, ba ta so. Ya kawo safa, ya kawo bargo, ya kawo hular ulu mai kunnuwa. Shi ya koya mini dabarar jarka: a tafasa ruwa a waje, a surka, a cika ƙananan jarkoki, a naɗe da zane a jera mata a shimfiɗa. Ya ce in ba ta ruwa ta sha ko ba ta nema ba, kada in tsallake maganinta, in zazzaɓi ya zo kada in jira kowa, asibiti. Ranar da ciwon ya tashi yana nan, ya ɗauke ta yana zagaya tsakar gida da ita a kafaɗa, tabaraunsa sun jiƙe, bai ko goge ba.

Wata rana da hantsi na same shi a Argungu yana gyara ƙwan kifi a faranti, ya gama waya da ɗalibansa, ya daɗe yana Turanci. Na ce Baffa wai me kuke ta yi ne da ba ya ƙarewa? Ya dube ni kamar yana auna ko zan ɗauka, sannan ya ce in zauna.

Ya ce iskar nan da yake kora daga ɗakuna, jikin mutum da kansa yana yin 'yar kaɗan daga cikinta, kaɗan ƙwarai, kuma masana sun lura wannan 'yar kaɗan ɗin tana taimakawa wajen kwantar da kumburi. Matsalar ita ce yadda za a kai ta. In aka shaƙa ta hanci ba ta san hanya ba, jini duka take bi. Sai ya ɗebo ƙwan kifin a yatsa ya ce in duba, kowane ƙwai da 'yar fatarsa, abin da ke ciki ba ya zuba sai lokacinsa ya yi. Ya ce irin wannan suke ƙerawa da wata roba mai narkewa a jiki, amma ƙanana ƙwarai, waɗanda ko an tara dubbai ido ba zai gani ba. Sai a ɗaure iskar a cikinsu, su bi jini kulle, sai sun isa inda nama ya kumbura sannan su riƙa sakinta kaɗan-kaɗan.

Ban san lokacin da na ce ba, "To Baffa, a ba amaryakka mana."

Ya ajiye farantin. Ya ce ba a kai nan ba. A cikin kwalabe suke gwadawa, sai kuma a jikin ɓeraye. Wani lokaci ƙwayayen su fashe da wuri, wani lokaci su ƙi buɗewa, wani lokaci robar kanta ta zama damuwa. Ya ce mai yiwuwa a daɗe, mai yiwuwa ma a gano bai dace da irin ciwonta ba. "Ba ni yi miki ƙarya, uwata. Ni dai ba ni ganin shi. Wataƙila ita ta gani." Sannan ya ɗan yi murmushi ya ce kada in faɗa wa Gwaggo, rabin maganar za ta ji. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Bayan rasuwarsa na haihu, da sanyi ya kankama, namiji, a asibiti a Birnin Kebbi. Inna ba ta da lafiya, don haka Gwaggo ce ta zo Nasarawa da ƙullin kayanta. Da ana sauke kayan daga mota na ga wani abu zagayayye a cikin buhu, na gane kaskon garwashi ne. Maigidana ma ya gani. Ya sunkuyar da kai ya ce sannu da hanya, Gwaggo, ya wuce kasuwa. Ba zai iya musu da surukarsa ba, ni ma ban taɓa yi ba.

Washegari da safe ta yi mini wanka, ta ba ni kunu, ta cusa tsumma a taga. 'Yata tana kwance a gefena tana ƙananan koke-koke, tana cewa yatsunta. Ta ƙofa ina hango Gwaggo a tsakar gida tana fifita gawayi. Na ga hayaƙin ya yi kauri, na ga ya yi siriri, na ga ya ɗauke. Ta naɗe hannu da tsumma ta ɗauko kaskon. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kowane gefe.

Ta ce in matsa, maijego ba ta tsayuwa cikin iska. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ban ji yarinya na kuka ba? Na ce na ji. Ta ce ai a gabana ɗalibarsa ta faɗa, shi kansa mai hanawar ya gano magani ce, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa mata. Na fara kawo maganar ƙwan kifi da roba da ɓeraye, na dagula ta, ni kaina ban gane abin da nake cewa ba. Gwaggo ta ce kifi kuma? Jego ya taɓa mini kai ne?

Maganar da Inna ta faɗa mini tana kan harshena. Na san in na sake ta kaskon ba zai shiga ba. Sai na tuna goron nan da yake aikawa kowace safiya, na haɗiye.

Na ce, "Gwaggo, kin san yadda Baffa ka son yarinyag ga. Kin gane shi da ita bisa kahwaɗa tana kuka shina kuka. In da garwashi magani na, mi ya hana shi kusantar da ita? Ko sau guda?"

Ta tsaya da kaskon, tsumman har ya fara ƙauri. Can ta juya a hankali ta kai shi tsakiyar tsakar gida ta ajiye, ta zauna a kan turmi tana kallon garwashin. Na ɗauka fushi ne. Da ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Da nij ji ɗalibatai," in ji ta, "sai nic ce ashe ba ni ta ba."

Ban nuna na gane ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Ta ce tun tana budurwa take jira ya faɗa mata wutar da ta kai ɗaki ce ta kashe masa mata da ɗa, ko da cikin fushi, ta samu ta yi kuka ta huta, bai faɗa ba. Ta ce goro kawai. Ta goge fuska da gefen zane, ta ja tsaki ta ce in daina tsayuwa kamar soja, in miƙo mata buta in nuna mata jarkokin nan nasa.

A kan wannan garwashin ta tafasa ruwan, a waje. Ta surka, ta gwada da gwiwar hannu, ta naɗe jarkokin da zanenta ta jera wa yarinyar, ɗaya a ƙafa, ɗaya a kowane gefe, ta zauna tana murza mata yatsu har barci ya ɗauke ta. Kafin ta fita ta zare tsumman da ta cusa a taga. Na ce Gwaggo, tunda wuta na waje ai ana iya rufewa. Ta tura tagar ta bar kamar faɗin yatsa biyu, ta ce in bar ta haka, ta saba da mitarsa.

Har na yi arba'in kaskon bai tsallake bakin ƙofa ba. Maganin da Baffa ya yi ta nema bai fito ba tukuna, ɗalibansa na can suna fama, Allah ya ba su sa'a. Duk wanda ya ji an ce Baffa ya ce iskar garwashi magani ce, to rabin maganar ya ji, sauran rabin shi ne wuta dai waje.

Allah ya jiƙan Baffa, ya gafarta masa, ya haɗa shi da matarsa da ɗansa da suka riga shi. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya buɗe masa taga ta wajen Aljanna, ya bar masa ita a buɗe.